Hannun Yayana a Injin Surukina

Ni ce mai dafa wa leburorin injin surukina abincin rana. Tun watan da aka kai ni gidansu a Kura aikin ya faɗo kaina, don matar wan mijina ta ce bayanta ba ya ɗaukar tuƙin babbar tukunya. Kullum kafin azahar na sauke garau-garau ko ɗanwake ko shinkafa da miya, in zuzzuba a kwanuka, mai a-daidaita-sahu ya zo ya kwasa ya kai bakin titi inda injin yake. Na san kwanon kowa. Na san wanda ba ya son yaji, na san mai aiko da ƙorafi in mai ya yi kaɗan.

Surukina, wanda duk gari ke kira Alhaji, injin casar shinkafa gare shi. Da kaka harabar kan cika da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, injin na ruri tun safe har magariba, ɓuntu ya tashi ya rufe wa kowa gira. Babban ɗansa, wan mijina, shi ne manaja. Mijina kuma shi ke zagaya ƙauyuka yana sayo shanshera.

A cikin masu cin abincin nan har da yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka raba gonar babanmu a wajen Bunkure, abin da ya samu bai kai ya riƙe mace da 'ya'ya ba. Ni na durƙusa a gaban Alhaji na roƙa masa aiki. Ya fi shekara uku a gindin injin nan, shi ke zuba shinkafa, shi ke lura da bel. A kwanonsa nakan ƙara nama in ba a kallo.

Ranar da abin ya faru ban gani da idona ba. Abin da na gani shi ne mai a-daidaita-sahu ya dawo da kwanukan ba a taɓa ba, ya tsaya a zaure ya ce in sa mayafi in fito. Daga baya na ji yadda aka yi. Bel ɗin injin ya daɗe yana zamewa. Akwai murfin ƙarfe da ke rufe shi, amma an cire an jingine a bango don a riƙa mayar da bel ɗin da sauri. Manaja kuma ya hana a kashe injin in bel ya zame, wai sake tayar da shi yana cin mai. Yayana ya kai hannu da guntun katako zai tura bel ɗin kamar yadda ya saba, hannun rigarsa ya kama, injin ya ja shi. Kafin a kashe, ƙashin ya riga ya daddatse.

A asibiti a Kano aka yanke hannun, na dama, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ina tsaye a baranda na ji wan mijina yana gaya wa malamar asibiti cewa hatsarin babur ne. Na juyo na dube shi. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ya ce, "Ke, in aka ce inji sai 'yan sanda sun shigo ciki, a bar mutum yana zubar da jini ana tambayoyi. Taimakonsa nake yi."

Na yarda a lokacin, don hankalina ba ya jikina.

Alhaji ya biya kuɗin aikin da aka yi masa a asibiti, wannan ba zan ƙaryata ba. Ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya daga bakin gado, ya ce ƙaddara ce, musulmi ba ya jayayya da ita. Ya aika da buhun shinkafa gidan yayana. Shi ke nan. Kafin a sallamo shi an riga an sa wani a gurbinsa. Da ciwon ya warke, yayana ya je ya roƙi ko gadi ne a ba shi, ko tsayuwa a kan sikeli. Manaja ya ce babu gurbi, kuma masu kawo shinkafa ba za su so ganin dungulmi a bakin inji ba, sai su ɗauka wurin ba lafiya.

Daga ranar nan yayana ya canza. Mutum ne mai raha da, mai tsokanar 'ya'yana. Ya koma zama a ƙofar gida, ba ya amsa gaisuwa sosai. Da na je duba shi, ya ɗago dungulmin ya nuna mini.

Ya ce, "Ga aikin da kika samo mini."

Na ce, "Yaya, ni na san haka za ta faru?"

"Ba ki sani ba. Amma kina can kina dafa wa wanda ya gaje ni abinci. Da kwanona ake kai masa?"

Da kwanonsa ake kai wa.

A ɗakin da aka kwantar da yayana a asibiti akwai wani ma'aikacin masaƙa da inji ya cinye wa yatsu, shi ne ya gaya masa cewa doka ta tanadi diyya ga wanda ya ji ciwo a wurin aiki, kuma akwai lauyoyin da ke taimaka wa marasa hali kyauta. Yayana ya riƙe maganar a ransa har ta nuna. Wata rana ya ce in raka shi wurin lauya, don ni na yi makaranta, kuma bai iya sa hannu da hagu ba tukuna. Na ce wa mijina za ni asibiti a duba dungulmin. Da rana tsaka muka hau mota zuwa Kano.

Lauyar mace ce, ba ta da yawan fara'a, amma ta saurara har ya gama. Yayana ya zo da tambayoyinsa a shirye, ya riƙa jefa su kamar yana faɗa da ita.

"Sun ce laifina ne, ni na kai hannu. To, shi ke nan na sha?"

Ta ce a'a. Dokar diyyar ma'aikata ba ta tsaya neman mai laifi ba, abin da take tambaya shi ne ko a bakin aiki ciwon ya same shi. Ta ce cire murfin nan kuwa wata magana ce daban, kuma ba a kansa take ba.

"Ba ni da takardar ɗauka aiki. Duk ranar Alhamis ake ba mu kuɗi a hannu."

Ta ce lebura ma ma'aikaci ne, ko da baki aka ɗauke shi. Ta ce ya kamata mai inji ya yi wa ma'aikatansa rajista da asusun gwamnati da ke biyan irin wannan diyya, ya kuma kai rahoto idan wani ya ji ciwo. In bai yi ba, nauyin bai sauka daga kansa ba.

"Ya biya asibiti. Ya ce ya gama nasa."

Ta ce magani daban, diyyar hannu daban. Sannan ta ajiye bironta ta ce mana abu biyu ne za su wahalar da mu. Na farko, lokaci, don ba a barin irin wannan magana ta wuce shekara. Na biyu, katin asibiti ya ce babur. Dole a samu wanda zai tsaya ya ce a injin nan yake aiki, kuma a nan abin ya faru.

Yayana ya yi dariya marar daɗi ya ce duk Kura ta sani. Lauyar ta ce sani daban, tsayawa a faɗa daban.

Gaskiyarta. Da takardarta ta iso hannun Alhaji, gidan ya kama da wuta. Daga tsakar gida nake jin muryarsa a zaure yana cewa shi za a kai kotu, shi da ya rufa wa mutum asiri. Amsar da ya aika ita ce yayana ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan'uwan surukarsa ne da kan zo ya zauna a inji, in ya kama wani abu a ba shi na goro. Leburorin da suka ciro shi daga bakin bel da hannunsu, ɗaya bayan ɗaya suka ce ba sa wurin. Wani ya ce yana salla, wani ya ce ya zaga bayan gida. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa, amma har yau in na gan su a hanya ba na gaishe su.

Sai ya rage ni.

Uwar mijina, Hajiya, ita ta fara. Ta same ni ina tsince shinkafa ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ashe asibitin da kika je ke nan? A gidan nan kike ci, a gidan nan kike sha, ki koma ki kai mu wurin lauya?"

Na ce, "Hajiya, ɗan'uwana ne."

"Mijinki kuma fa, maƙwabcinki ne? In aka rufe injin nan 'ya'yanki ɓuntu za su ci?"

Daga ranar aka daina ba ni mabuɗin ɗakin ajiya. Matar wan mijina, mai ciwon bayan nan, bayanta ya warke, ta karɓi girkin leburori. In na shigo tsakar gida sai hira ta mutu. In 'ya'yana suka je ɗakin kakarsu, a koro su.

Na je gidanmu ina neman inda zan huta, can ma babu. Innarmu ta kira mu ni da yayana ta zaunar. Ta ce ya bar wa Allah, hannu dai ba zai dawo ba, kada ya kashe wa ƙanwarsa aure a kan abin duniya.

Yayana ya ce, "Inna, aurenta ya fi hannuna ke nan?"

Inna ta fashe da kuka. Matarsa, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da goyo, ta ce ita dai ta gaji da sayar da kwanukan ɗakinta, wanda ke son a yi haƙuri ya kawo abin da za a dafa. Ta faɗa tana kallona, kamar ni na cire murfin.

Mijina bai yi mini ihu ba, shi ba mai ihu ba ne. Da safe bayan ya karya ya ce in zauna.

Ya ce, "Dagaci ya kira zaman sulhu. An ce lauyar tana son ki yi magana. Ba za ki je ba."

Na ce, "Malam, ka san yana aiki a wurin?"

"Na sani."

"Ka san an cire murfin?"

"Ba wannan na tambaye ki ba. Ubana ne. Kina so in zauna ina kallo matata tana ƙaryata ubana a gaban gari?"

Na ce to shi ya je ya faɗa, tunda ya sani, ni in zauna a ɗaki. Ya tashi ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce in na taka ƙafa na je, in san abin da na zaɓa.

Na je. Ba don jarumta ba, fushi ne ya kai ni. Abin da ya fi ƙona mini rai ba hannun ba ne, wannan kalmar ce ta cewa yayana zuwa yake ya zauna. Mutumin da kullum ke komawa gida ɓuntu har cikin kunnuwansa.

A ƙofar gidan dagaci aka shimfiɗa tabarmi bayan la'asar. Ga Alhaji da manaja, ga liman, ga yayana da lauyarsa a kan kujerar roba. Mijina na can gefe ya sunkuyar da kai. Ni aka ce in tsaya daga bakin zaure. Alhaji ya yi magana mai tsawo a kan alherin da ya yi wa danginmu, ya maimaita cewa yaron nan ba ma'aikacinsa ba ne. Lauyar ta ce akwai mai shaida. Dagaci ya ce in yi magana.

Na ce ni ce na roƙa masa aikin a wurin Alhaji, a falonsa, kuma Alhaji da bakinsa ya ce ya fara washegari. Na ce tun daga ranar kullum da kwanonsa a cikin kwanukan leburori, kuma manaja ne ke gaya mini yawan mutanen da zan dafa wa. Na ce ina tsaye a asibiti aka ce babur, alhali yayana ko keke ba shi da shi.

Manaja ya miƙe tsaye ya ce, "Wannan munafukar! Dama mun san ba don Allah take zaune da mu ba."

Dagaci ya tsawata masa. Alhaji bai ko dubi inda nake ba. Ya ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, maganar mace ce, kuma ƙanwarsa ce. Me ake so ta ce?"

Liman tsoho ne, kuma Alhaji ne ya yi wa masallacinsa rufi, don haka ban sa rai da komai daga gare shi ba. Da farko ma ya ce shi a saninsa diyya tana hawa kan wanda ya yi wa wani rauni ne, inji kuwa ba mutum ba ne. Lauyar ta ce ba wannan diyyar ake nufi ba, haƙƙin ma'aikaci ne a kan mai aiki, kuma in aka je kotu za a tambayi wanda ya cire murfin. Sai liman ya ce to abu ɗaya ne ya rage. Tunda Alhaji ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, a kawo Alƙur'ani ya dafa, magana ta ƙare.

Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ce shi bai taɓa rantsuwa a kan abin duniya ba, ba kuma zai fara don ɗan wannan abu ba. Ya ce a faɗi abin da ake so.

Ba a ranar aka gama ba. An yi ta kai da kawowa har aka fara dashen tumatir. Ta tabbata Alhaji bai taɓa yi wa kowa rajista da wani asusu ba. Lauyar ta ce wa yayana in ya daure aka je kotu zai iya samun abin da ya fi wanda ake tayi nesa ba kusa ba, amma ba ta yi masa alkawarin wata ko shekara ba. Yayana ya ce 'ya'yansa ba za su ci ɗage shari'a ba. Ya karɓi abin da aka ba shi: 'yar gonar noman rani a wajen Bunkure, da ɗan kuɗin da zai fara noma. Lauyar ta dage sai da aka rubuta gonar da sunansa a gaban dagaci, ya dangwala da babban yatsan hagu. Da za ta tafi ta ce masa an cuce shi, amma shi ke da zaɓi.

Sai da ya je ya ga gonar ya gane wadda Alhaji ya zaɓa. A can ƙarshen kanal ɗin ban ruwa take, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. In an saki ruwa, na sama su tare shi da buhunan ƙasa, shi sai ya bi bakin kanal yana faɗa da su, fartanya a hagu. Albasa yake yi, ƙannen matarsa na kama masa. Wata shekarar a samu, wata a tashi da ƙyar. Bai taɓa ce mini na gode ba. Sau ɗaya dai ya aiko mini da kwandon albasa, ba saƙo.

Mijina bai sake ni ba, kodayake Hajiya ta so. Ya yi watanni ba ya cin abincina. Alhaji ya ce tunda ya kasa riƙe matarsa, ba zai riƙe masa kuɗin sayen shanshera ba, ya karɓe aikin ya ba wani. Muka tashi daga gidan muka kama haya a Bunkure, ya koma dillancin tumatir. Muna zaune, yana ciyar da mu, amma duk ranar da kasuwa ta faɗi, kwando ya ruɓe a bakin titi, in ya shigo na san a kan wa yake ɗora laifin ko bai faɗa ba. In na je Kura gaisuwar salla na durƙusa, Alhaji sai ya juya ya tambayi na kusa da shi ƙarfe nawa.

Bara na haihu, namiji. Mijina ya ce sunan mahaifinsa zai sa, ko Allah zai sa ya huce. Na ce ban yarda ba. Ya ce ba shawara yake nema ba. Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, yayana ma ya zo, ya zauna a ƙarshen tabarma. Da aka raɗa sunan maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa, yayana ya miƙe, ya lalubi takalmansa da ƙafa, ya tafi bai karɓi goro ba. Alhajin da aka yi domin shi kuwa bai zo ba, bai aiko ba.

A al'adarmu mace ba ta kiran sunan surukinta, don haka ba wanda ya yi mamaki da na laƙaba wa yaron wani suna nake kiransa da shi. Matan unguwa har yaba mini suke, wai ina da kunya. Nakan bar su a haka. Yaron ya fara rarrafe yanzu, kuma yayana bai ɗauke shi ba ko sau ɗaya.